Na Daka Fuskar da Ke Jikin Sarƙar Aminiyata

Assalamu alaikum mai wannan fili da masu karatu. Ni tsohuwa ce a Madina, ban taɓa zama gaban allo ba balle benci. Wata baƙuwa 'yar Kano da ta zo ziyara ce take rubuta mini, na zaɓe ta ne don ba ta san kowa nawa ba, sunayen kuma duk na canza. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ni ma na daɗe ina yanke wa mutane, na san ba ya da wuya.

Ranar da abin ya faru mu biyar ne a ɗakin: ni, da Asiya matar ɗana, da yayarta Zahra, da Hajja Kaltume 'yar Chadi mai ƙunshi, da Hajja Mairo maƙwabciya, wadda in ta ji magana da hantsi a unguwar Ƙurban kafin azahar ta kai ta can Bi'ir Ali a bakin gari. An tashi zaman makokin mahaifiyar su Asiya ke nan, Hajja Halima, aminiyata tun muna 'yan mata. Ni na yi mata wanka, don ni ke wanke matan unguwarmu, kuma ni ake ba amana saboda an san ba na wasa. Aka buɗe akwatinta don a fitar da tufafin sadaka, sai ga wata sarƙar zinariya a ƙulle cikin tsumma. Ba irin ta Hijaz ba ce, ba ta Sudan ba, ba ta Indiya ba. Abin da ke rataye a tsakiyarta wani mutum ne tsaye, idanu zuru-zuru, da hula mai faɗi kamar faifai an jera mata duwatsu shuɗɗa, ƙafafunsa a kan wani abu kamar rabin wata. Gefe da gefe kuma wasu 'yan dabbobi masu dogon wuya, kamar raƙumi amma ba tozo.

Hajja Mairo ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Ikon Allah. Halima da gunki a akwati? Da ma na ce yawan turaren nan nata ba na banza ba ne." Hajja Kaltume ta ja da baya tana a'uziyya. Zahra ta ce ba haka ba ne, wata mahajjaciya ce daga ƙasa mai nisa ta kwanta ciwo a masaukin da mahaifiyarsu ke aiki, ta yi jinyarta ba wadda ke jin yaren wata, da za ta tafi ta cire daga wuyanta ta ba ta. Asiya ta ce, "Ni Umma ta yi wa alkawarinta." Zahra ta ce, "A gaban wa? Ni ce babba." Na daka musu tsawa na ce ƙasar kabarin ba ta bushe ba, a mayar da ita akwati sai an natsu. Aka mayar. Da aka kira magariba duk suka fita alwala, ni da alwalata. Na sa hannu na ɗauke ta.

Wallahi ba don zinariya ba ne. Me zan yi da zinariya, ni da ko ɗan kunne na bari tun rasuwar malam mijina? Abin da na gani shi ne bakin Mairo, da sunan Halima yana yawo a gidajen biki ana cewa ta mutu da gunki. Na kuma ji tsoron kada a tambaye ta a kabari. Da na koma gida na rufe ƙofa, na ɗauko taɓaryar turmin gahawa, na ɗora fuskar nan a kan dandamali na daka har idanun suka shafe, duwatsun hular suka zube. Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka na yi wa aminiyata wanka na biyu ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne 'ya'yan. Da aka nemi sarƙa aka rasa, Asiya ta ce Zahra ce, don ita ke riƙe da mabuɗin gidan. Zahra ta ce Asiya ce, don ita ta kwana a ɗakin. Ba wanda ya ko kalli inda nake. Ni fa? Ni da aka kira in raba su? Na zauna a tsakiyarsu na ce su ji tsoron Allah, abin duniya ne. Na yi zaton mako ɗaya za su huce. Yau shekaru ke nan ba sa ga maciji. Asiya ta haihu Zahra ba ta zo suna ba. Zahra ta aurar da 'yarta, Asiya ta ce kanta ke ciwo. In sun haɗu a Harami kowa ta ja niƙabinta ta wuce. Jikokina ba su san 'ya'yan Zahra ba, a hanya ɗaya suke zuwa madarasa. Ita kuwa Asiya kullum ita ke shafa mini man zafi a gwiwa tana cewa, "Inna, ke kaɗai kika rage mini."

Bana kafin azumi na ce bari in kai a narkar da ita in yi wa Halima sadaka, kowa ya huta. Na tafi kasuwa nesa da inda aka san ni, wajen wani tsohon maƙerin zinariya mutumin ƙasar Buhara. Ya sa madubin ido ya juya bayanta, ya ce akwai tambari, an rubuta sunan ƙasar: Feru, can bayan teku, ƙasar duwatsu masu tsawo da sanyi. Ya ce ya taɓa ganin irinta a hannun baƙi. Dabbobin nan, in ji shi, dangin raƙumi ne, su ke ɗaukar musu kaya a kan dutse, da gashinsu suke saƙa bargo. Rabin watan kuwa bakin wuƙa ce ta sarakunansu na dā, mutumin da ke kanta wani babbansu ne na zamanin jahiliyyarsu. Na ce, "To ai ka ji, abin bauta ne." Ya ce, "Na dā ɗin Allah ne ya san abin da suka yi da shi, ya Hajja. Wannan kam maƙera ne suka yi ta don kwalliya, ba ta girme ki ba. Matansu na sa ta ne don a san daga ina suke, kamar yadda Buzayenku ke rataya tasu." Sai ya shafa wajen da na daka da ɗan yatsa, ya ce, "Wa ya yi mata haka? Wannan ba faɗuwa ba ce." Na ce yara ne. Da furfurata. Na karɓe abata na fito ban narkar ba.

Tun ranar nake tunanin matar nan da ban taɓa gani ba. Ba ta da kalmar da za ta ce wa Halima na gode, sai ta ba ta garinsu. Halima kuma ta fi ni sanin Allah, ta ajiye shekara da shekaru ba ta sa ba, ba ta yar ba. Ni wa ya aike ni? Ko da hoton bai halatta ba, dukiyata ce? Ba zan iya tambayar malamin unguwa ba, ko ta bayan labule ya san muryata.

Shekaranjiya da la'asar sai ga Zahra, ta daidaici Asiya ta tafi asibiti. Mijinta ya ajiye aiki, za su koma Sudan gaba ɗaya bayan Juma'ar nan, ba dawowa. Ta durƙusa ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ke ba abin da ke wuce idonki. Ba sarƙar nake so ba, na yafe ta. Ki faɗa mini kawai, ƙanwata ta ɗauka ta bar ni da sunan ɓarauniya? In kin ce ba ita ba ce, yau zan jira ta a nan." Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah ne masani, 'yata." Ta gyara abayarta, ta ce in yafe mata, ta tafi.

Washegari da safe na ƙulle sarƙar a bakin mayafina, na hau tasi zuwa unguwar Ƙiblatain inda Zahra take. Na tarar ana ɗaure katan-katan. Ta kawo mini shayi, na sha. Na ba ta dabino da turaren wuta na ce tsaraba. Hannuna yana kan ƙullin har na tashi, na dawo da shi yadda na je da shi.

In na faɗa, sun sami juna, ni kuma na rasa Asiya da idon ɗana, ba kuma wadda za ta sake yarda in wanke mata uwa. In na yi shiru, Zahra za ta haye teku da zargin 'yar'uwarta, ni in tarar da Halima a lahira da wannan. Juma'a ta kusa. Me zan yi?