Jinin Inna da Ke Cikin Firiza

Zuwa ga Yayana abin tinƙahona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai yawa daga autarku, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa ciwon bayan nan ya sake ka, don Anti matarka ta ce har yanzu sai ka dafa bango kake miƙewa. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Baffa ya bar gyaran rediyo saboda idonsa ya yi rauni, amma kullum da safe yana bakin shagon yana ba wanda ya gaje shi shawarar da ba a nema ba. Gwaggo tana nan yadda ka san ta. Ta ce ka aiko mata da sabon hoto, wai wanda ke jikin bangonta tun kana da gashi aka ɗauke shi.

Yaya, maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro, don na san idan a waya ne murya za ta ƙi ni. Ka tuna lokacin da ciwon gaɓoɓi ya matsa mata har ta kasa taka keken ɗinkinta, aka ɗora ta a kan maganin nan da ya dawo mata da ƙafafunta? A lokacin ne ta shiga binciken da ake yi a asibitin da nake aiki, inda ake ɗibar jini da fitsarin masu shan maganin a ajiye. Duk ranar zuwa sai ta sa zanenta mai ruwan ƙasa, ta fita ba ta karya ba kamar yadda aka umarce ta, ta yi ta mita tun daga ƙofar gida har bakin titi. Ma'aikaciyar da ke ɗibar jinin kuwa Inna ta raɗa mata suna sauro mai albashi, amma ba ta taɓa zuwa ba tare da ta ɗinka wa 'yar matar wani abu ba. Maƙwabta idan suka tambayi aikina, sai ta ce ta kashe ƙarfinta ta kai ni jami'a, na fito ina leƙen fitsarin mutane. Tana faɗi tana dariya har sai ta share hawaye da bakin mayafi.

Ban taɓa yi maka bayanin aikin ba, don duk sanda na fara sai ka ce kanka ya yi zafi. Ka yi haƙuri yau ka saurara. Duk abin da mutum ya ci ko ya sha, har magani, idan jiki ya sarrafa shi yakan bar 'yan burbushi a cikin jini da fitsari, iri-iri har ba su ƙirguwa. Ka tuna ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin keken Inna, waɗanda muke sharewa da yamma? Ko ba ka ga rigar ba, da ka dube su ka san yadin da ta yanka ranar. To haka muke yi. Muna da na'ura mai girman kabad, mai gurnani ba dare ba rana, ita ke rarrabe burbushin nan ta auna kowanne. Mu kuma mu kwatanta na wanda maganin ya karɓe shi da na wanda ya cutu, ko za mu ga alamar da ke riga ciwo fitowa.

Ka san yadda ta kasance da Inna. Gwajin da ake da shi a lokacin bai nuna komai ba sai da ƙodarta ta riga ta gaji. Na tuna ranar da ka tsaya a barandar asibiti da jakarka a kafaɗa, ko gida ba ka biya ba, ka ce an mayar da uwarmu abin gwaji, ana ta kwasar jininta amma an kasa ganin abin da ke cin ta. Ban ba ka amsa ba, don ba ni da ita. Tun daga ranar ba mu sake taɓa zancen ba, ko da muka zauna muna raba kayanta, kai ka ɗauki tabaranta, ni na ɗauki almakashi.

To, amsar ta fara zuwa, ko da yake a makare. Da muka bi jinin da aka tara tsawon shekaru, sai muka ga wasu abubuwa guda biyu suna hauhawa a jinin waɗanda ƙodarsu ta lalace daga baya, tun watanni kafin gwajin da aka saba ya motsa. Shugabarmu, wata dattijuwa da ba a cika ganin haƙoranta ba, ta sa muka maimaita awon har muka gaji, wai kada mu yi murna da kuskuren na'ura. Sakamakon bai canja ba. Bana aka fara duba alamar a jikin sababbin marasa lafiya. Akwai wani direban motar haya, uban 'ya'ya mata, da alamarsa ta tashi alhali shi yana cewa garau yake jin kansa. Likitarsa ta canja masa magani, ta sa masa ido. Da ya dawo awo alamar ta sauka, ƙodarsa kuma lafiya. Ni ban san shi ba, likitar ce ta ba ni labari a kan matakala, ta ce har faɗa ya yi mata don ta sa ya rasa lodin safe. Mutum ɗaya ba hujja ba ne, Yaya, mu ma mun sani. Amma sai da na shiga ɗakin wanke kwalabe na rufe ƙofa na yi kuka mai isata.

Ga inda maganar ta zo kanka. Kafin a yarda da abin da muka gano, dole wani ɗakin bincike dabam, a wata ƙasa, ya auna sauran jinin ya ga ko zai sami abin da muka samu. Izinin da Inna ta bayar bai kai nan ba, don lokacin ba wanda ya yi tunanin haka. Kwamitin da ke kula da haƙƙin marasa lafiya ya ce a tambayi 'ya'yan waɗanda suka rasu. Idan sun yarda a aika, idan sun ƙi a cire nasu a lalata. An ce amincewata kaɗai ta wadatar, na ce a'a, ina da babba. Ba ni kaɗai ta haifa ba, kuma kai ka daɗe da ita fiye da ni.

Ba zan ɓoye maka ba, ina so ka yarda. Waɗanda aka bi jininsu tun daga fara shan maganin har ƙarshe ba su da yawa, kuma Inna ba ta taɓa fashin zuwa ba, ko ana ruwa. Amma kada ka amsa don ni. Ka zauna da Anti ku yi shawara, ka yi addu'a a kai. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, wallahi ba zan riƙe ka da komai ba.

Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwalaben ba su da suna, lamba ce kawai a jiki, kuma mai riƙe da sirrin lambobin ba ya cikinmu. Ka ga ke nan ban san wacce ce ta Inna ba. Duk safiyar da na sa safar hannu na buɗe firizar, sanyi ya bugi fuskata, sai in ga 'yan kwalabe jere cikin akwatuna, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba. Abokan aikina suna tsokanata wai ina ɗaukar su kamar jarirai. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce na gode da man shafawar. Ka shafa min kan 'yan biyu, ka ce wa babbar 'yarka ta dage da lissafi, ina nan ina jiran ta. Baffa, Gwaggo da maigidana duk suna gaishe ka. Idan ka yanke shawara, ko wacce iri ce, kada ka rubuto. Ka kira ni, ka daɗe a kan layi. Duk gidan nan kai kaɗai ka gaji dariyarta, kuma na kwana biyu ban ji ta ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Auta