Kwamfutar da Hasana Ta Zaɓa

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Ranar Talata.

Zuwa ga Ya Jamilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya baƙunta a Ilori? Ina fata ciwon kan nan ya sake ka. Mu nan lafiya ƙalau. Na je na gaishe da su Inna ranar Juma'a, suna ta sa maka albarka.

Kada ka yi dariya don ka ga wasiƙa da biro. A waya kai kake magana, ni nawa "to" ne kawai. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hotonta na turo maka.

Na gaya maka kwamfutarmu ta mutu, amma ban gaya maka yadda aka yi ba. Wani littafi nake karantawa a kanta, an zo daidai inda mutumin ya dawo daga tafiya bai tarar da matarsa a tasha ba. Na kai hannu zan share hawaye, gwiwar hannuna ta ture kofin zoɓo a kan madannan. Na kife ta, na shanya ta, har a buhun shinkafa na binne ta kwana biyu. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ka yafe min.

Na ji daɗi da ka ce a sayi wata kafin ka dawo. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya min a wuya: wai in je wajen Hasana ta ofishin ajiye bayanai na asibitinku, ita za ta zaɓa. Ya Jamilu, tun da aka kawo ni gidan nan nake jin sunan nan. Hasana ta ce wannan wayar ta fi, Hasana ta ce kada a cika caji. Ban taɓa ganinta ba, amma tana da ta cewa a kan kayan ɗakina. Ni da nake wuni da kwamfutar ba ka tambaye ni wace iri nake so ba.

To, na ga wadda nake so. Jiya na shiga shagon wani Malam Tanko a titin Gidan Zoo. Ruwan hoda ce, siririya, ba ta fi faranti nauyi ba. Ya ce irin ta matan manya ce. Har na hango kaina zaune da ita a bakin taga, labule yana kaɗawa.

Duk da haka zan je gidan Hasanar a Tarauni, tunda kai ka ce. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taka har kullum,
Zulaihat.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Ranar Asabar.

Ya Jamiluna,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya jarrabawar da ka ce za ku yi? Allah Ya ba da sa'a.

Na je. Na sa atamfar nan tawa mai ganye, na yi sa'a guda a gaban madubi, na hau adaidaita sahu rungume da gawar kwamfuta. Ba ka taɓa gaya min tana da kyau ba. Ba ka kuma gaya min tana da mijinta Malam Ɗahiru da 'ya'ya uku ba, da ka rage min wani abu. Amma da na zauna a falonta sai na gane ba wannan ne ciwona ba. Ciwona yadda muryarka take natsuwa in ka ce Hasana ta ce. Ban taɓa jin ka ce Zulaihat ta ce da wannan muryar ba.

Ta karɓe ni hannu bibbiyu, tana ta kirana ƙanwarta, har da dambun nama. Sai ta ɗauko ɗan sukundireba ta buɗe cikin kwamfutar kamar mai fiɗar kaza, ta zaro wani abu da bai kai tafin hannu ba. Ta ce a nan komai yake ajiye, kuma zoɓo bai kai gare shi ba. Za ta kwashe mana duka, amma al'adarta a wurin aiki ba ta juye abu sai ta buɗe ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar yana buɗuwa.

Nan take dambun ya koma min ƙasa a baki.

Gara ka ji daga gare ni. A cikin kwamfutar akwai wata jaka da na sa wa suna "Girke-girke" don na san ba za ka taɓa leƙawa ba. Babu girki ko ɗaya a ciki. Littafi nake rubutawa, wata bakwai ke nan, shafi saba'in da biyu. Akwai mata mai haƙuri, akwai mijinta ma'aikacin jinya, akwai kuma muguwar da take hure masa kunne a asibiti. Sunanta Hasana. Na ba ta murya kamar gwangwani, na lafta mata jan baki, a babi na tara kuma na jefa ta cikin kwata a gaban mutane.

Na so in ce ta ba ni abina na fasa, sai na ji kaina ina yi mata godiya. Ta ce in dawo Alhamis mu je shago tare. Tun da na dawo gida ko littafi ɗaya na kasa karantawa. In ta gani ta kawo maka ƙarata, da wane ido zan dube ka, kai kuma da wane ido za ka dube ta a wurin aiki? Don Allah kada ka kira ta. Ka taya ni addu'a Allah Ya sa ba ta sha'awar girki.

Matarka mai kunya,
Zulaihat.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Ranar Alhamis.

Ya Jamilu,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya. Na ga dariyar da ka turo min, ban amsa ba da gangan.

Mun je shagon Malam Tanko. Ina shiga na nuna mata 'yar ruwan hodata. Ba ta kushe ta ba. Zare wayar caji kawai ta yi, ta ja mai shagon da gaisuwa. Kafin su gama tambayar iyali batirin ya zube kusan rabi. Malam Tanko ya shiga sosa ƙeya. Ta tuna min cewa unguwarmu wuta ba kullum ba, sannan ta sa na buga layi biyu a kanta. Madannan ƙanana ne, yatsana yana danna biyu lokaci guda.

Sai ta sa aka sauko da wata baƙa, mai kauri, tokumbo, ba ta da kyan gani ko na anini. Ta ce batirinta yana kai sa'a shida. Na buga a kanta, madannan suna nutsewa a hankali kamar ana taɓa alkaki. Tana kallon allon, ba ta dube ni ba, ta ce wanda ya rubuta shafi saba'in da biyu yana bukatar abin da ba zai gajiyar masa da yatsu ba.

Da ƙasa ta tsage da na shige.

A cikin adaidaita sahu ta ƙarasa ni. Wai ta karanta duka a zama ɗaya har miyarta ta kama. Gyara biyu gare ta: 'yan ofishinsu ba sa sa fararen kaya, ba sa kuma yin allura. Sannan tana roƙon arziki a fito da ita daga kwatar nan, ta daɗe a ciki. Ta yi ta dariya har mai adaidaitan ya waiwayo. Na ba ta haƙuri ina hawaye, ta ce in bar haƙuri in kawo babi na goma.

Baƙar muka saya. Ga ta nan a kan tebur, komai namu ya dawo ciki. Amma kada ka ɗauka na huce. Ta gaya min da ka kira ta tun farko cewa ka yi a zaɓi kowace iri, ai Zulaihat karatu kawai take yi. Na san ni na ɓoye. Duk da haka yana min zafi a ce ita ta riga ka karanta ni, kuma a ce wannan karon ma abin da Hasana ta ce shi ne daidai.

Na fito da ita daga kwatar, amma na bar mata jan bakin.

Na turo maka babi na farko tare da wannan. Ka karanta a natse ka gaya min yadda ka ji. Naka ra'ayin nake so, kada ka tambayi Hasana.

Mai ƙirga kwanakin dawowarka,
Zulaihat.