Na'urar Auta a Jerin Shagon

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a aikinka. Mu ma lafiya lau, sai jikin Baba da ke nan yadda ka sani: hannun dama bai dawo ba, maganar ma sai an kasa kunne sosai. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ni kuma abin da ke bakina yana son a ji shi har ƙarshe.

Ka san tun da ciwon nan ya kwantar da shi, Baba ba ya karɓar abinci sai an kunna masa shirin gyaran tsofaffin injuna, wanda ka saya masa kashi ashirin da huɗu a shagon intanet. Sai na jingina kwamfutar hannun a kan matashi, yana kallon masu gyaran yana girgiza musu kai kamar yaran garejinsa ne, sannan ya buɗe baki in sa cokali. Ranar Asabar ya kai hannun hagu zai nuna mini wani abu, kwamfutar ta zame ta faɗi a siminti. Mai gyara ya jujjuya ta, ya ce wannan sai dai haƙuri. Kwana huɗu Baba yana kawar da fuska idan na zo da kwano. Wandonsa har ya fara yi masa yawa. Likita ya ce idan aka kai Juma'a a haka, sai a mayar da shi asibiti a sa masa robar ba da abinci ta hanci. Yaya, na ji tsoro ƙwarai.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda mun saya ai namu ne, sai in zuba a wayata. Ashe ba haka ba ne. Mai gyaran ya yi mini bayani cewa shagon na'ura uku kawai yake yarda a kalla da su a asusu ɗaya, kuma duk wadda aka sa ko aka cire, sai ta cika kwana casa'in kafin a sake taɓa ta. Ta Baba sati uku kacal da sa ta, don haka ko ta mutu tana nan riƙe da gurbinta. Saura biyu ke nan: kwamfutarka, da tsohuwar wayar ƙaninmu Auta. Da na faɗa maka a waya, ko numfashi ba ka ja ba ka ce in cire ta Auta, wanda ya yi shekara biyu bai leƙo mahaifinsa ba ba shi da hakkin gurbi. Ka ba ni kalmar sirri ka kashe.

Na zauna a bencin shagon mai gyaran, na buɗe shafin da niyyar yin abin da ka ce. A ƙarƙashin kowace na'ura akwai ɗan rubutu da ke nuna ranar da aka yi kallo na ƙarshe. A ƙarƙashin ta Auta, ni na zaci zan ga shekarar da ya bar gida. Sai na ga ranar Talata, Talatar nan da ta wuce, kashi na goma sha ɗaya, wanda ake tayar da injin ban ruwa, wanda Baba ya fi so. Na yi ta maimaita karanta layin har mai gyaran ya tambaye ni ko lafiya. Shekara biyu lambarsa ba ta shiga, abokansa sun ce ba su san inda yake ba, ni har na fara jin faɗuwar gaba duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira ni. Ga shi yana raye, yana wani wuri yana kallon abin da mahaifinsa ke kallo.

To Yaya, ban cire tasa ba. Taka na cire. Na san zuwa yanzu yara sun danna katun ɗinsu ya ƙi buɗewa, kuma ba zai buɗe ba sai bayan wata uku. Ka ce wa Sarkin Rigima laifin gwaggonsa ne, kada ya addabi uwarsa. Na yi maka ba daidai ba da ban nemi izininka ba, na sani, amma na san amsar da zan samu. Jiya da rana na kunna wa Baba a wayata, ya ci rabin kwano ya sha shayi, har ya tsawata wa wani mai gyara a cikin shirin saboda ya riƙe sifana a karkace.

Abin da ke damuna yanzu shi ne fushinka. An ce mini idan mai asusu ya canza kalmar sirri, duk na'urorin fita suke yi, kuma Auta ba shi da hanyar komawa. Na san halinka, idan ranka ya ɓaci kafin ka zauna ka riga ka yi. Ka yi mini faɗa iya son ranka, zan tsaya in saurara. Ban ce ka yafe masa maganganun da ya faɗa wa Baba a gareji ba, ni ma ban manta su ba. Amma don girman Allah kada ka taɓa kalmar nan. Ɗan layin kwanan watan nan shi kaɗai ne ya rage mini na ƙanina, kullum da safe nake duba shi kafin in ɗora ruwan wankan Baba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ba ta haƙuri a madadina. Ka gaida Sarkin Rigima da 'Yar Baba. Kawu da Inna Ƙarama suna gaishe ku. Baba ma da na ce masa kai nake rubuta wa, ya ɗaga hannu.

Ina jiran amsarka da zuciya a hannu.

Taka ƙanwa,
Uwar Gida Ƙarama