Faifan Kuba a Ɗakin Inna

Zuwa ga Yaya Hadiza, a Kano.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan unguwar Jarwal a ƙasa mai tsarki sai godiyar Allah. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutu, hannun bai gama sabawa ba.

Labarin Inna zan ba ki. Tun rasuwar Baba ba ta cin abincin kirki, magana ma sai an ja ta. Ran Alhamis ɗana Sale ya dawo daga aikinsa na tashar jiragen ruwa a Jidda da garmaho da faifai. Wai wani ma'aikacin jirgi ya ba shi, kiɗan wata ƙasa Kuba, ana ce masa rumba. Kin san nan ba a yarda da kiɗa ba. Na rufe tagogi, na sa ya cusa tsumma a bakin abin.

Da ya murɗa shi, sai ga ganga da caki, kamar bikin gida. Inna ta ɗago kai ta ce, "Waɗannan 'yan wane gari ne?"

Sale ya ce, "Hajiya, an ce kakanninsu bayi ne da aka kwasa daga ƙasashenmu."

Ta ce, "Ashe ba su manta ba." Daga zaune kafaɗunta suka soma motsi. Da faifan ya ƙare ta ce masa, "Kai ragon miji, sake sa shi." Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Har yanzu ina tsoron kunnen maƙwabta, amma ban hana ba. Ki taya mu addu'a, Allah ya rufa asiri. Ki gaida Gwaggo da duk mutanen gida.

Ƙanwarki,
Rabi.