Saƙo Daga Lambar Mamanki

Firdausi,

Ranar da mamanki ta rasu a Kano, ina ƙasar waje, a kasuwar baje koli ta Pazhou, ina duba takalma. Yau da safe saƙo ya shigo daga lambarta, da hotonta: "Ilu, turo min hoton fasfonka." Ɓarawon da ya sace lambar bai ma san ta rasu ba, kuma bai san matar da har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba.

Zai iya nemanki. Kada ki amsa ko da zagi ne, kada ki tura komai, ki toshe shi. Na fita, sai bayan Juma'a. Shayinki yana cikin fulas.

Na daɗe ina kallon hoton kafin in toshe. Ban taɓa gaya mata wannan gyalen yana mata kyau ba.

Abba