Golar Gidan Kallamu

Talata, 15 ga Yuli, 2008
Har yanzu ranar nan ta watan Afrilu nake tunawa. Golan su Lukman mijina, wani ɗan Sin, bai zo ba. Ina kan benci a gefen filin wasa na ƙanƙara a nan ƙasar Sin, na ƙudundune cikin bargo da littafina, an kai daidai inda yarinyar labarin za ta buɗe wasiƙa. Lukman da yayansa Shehu, 'ya'yan gidan Kallamu, tun suna karatu a birnin Harbin wasan hokin ƙanƙara ya shiga jininsu, har Anti Jumai matar Yaya Shehu sun koya wa. Ita ta ƙwala mini kira: "Ummu, taso ki tsaya mana a raga! Kayan gola sun fi hijabinki rufe jiki." Sau bakwai na faɗi. Sai Lukman ya bugo baƙar robar da ake bugawa a maimakon ƙwallo, ta daki ƙirjina ta tsaya. Ni na tare ta. Ban sake komawa benci ba.

Asabar, 26 ga Yuli
Na tare sha ɗaya, uku suka shige. Jini ya kwanta a cinyata. Ko a jikina.

Asabar, 2 ga Agusta
Alhaji Tankari, mai saro tayil daga Kano, ya biyo Yaya Shehu kallo. Sai tafi yake yana cewa, "Kai, yaron nan naku aljani ne!" Da na cire hular kwano, ɗankwalina na kaina, hannunsa ya tsaya cak. "Au, matar Lukman ce?" Na gaishe shi. Kayan ba su bar ni na durƙusa sosai ba.

Juma'a, 8 ga Agusta
Yau ake buɗe gasar Olamfik a nan Sin, ko mai shagon ƙasan gidanmu ya rufe da wuri. Lukman ya ce an tsananta biza saboda wasannin, gara in tafi Kano wurin Hajiya mahaifiyarsa in yi azumi, sai abin ya lafa. Jirgi ranar 24. Yana magana yana kallon talabijin.

Lahadi, 10 ga Agusta
Na duba fasfona. Bizata sai Disamba.
Anti Jumai ta fasa mini: Alhaji Tankari ne ya kai wa Hajiya labari, wai surukarta na tsalle-tsalle cikin maza a ƙasar Sin. Na ce, ke fa? Ta yi dariya. "Ni 'ya'yana huɗu, an gaji da ni. Ke ce amarya."

Talata, 12 ga Agusta
Na ce wa Lukman da ya faɗi gaskiya da ya fi mini. Ya ce, "Ummu, uwata ce fa." Na ce ni ma uwata ce, ba ni waya in yi mata bayani. Ya hana. Wa ya ɗaure mini takalmi ranar farko? Wa ke ihun sunana in na tare? A littattafaina nan ne miji ke miƙewa gaban kowa ya ce matata ce. Nawa ya tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu duba kwantena.

Litinin, 18 ga Agusta
Na kira Hajiya da wayar Anti. Ta yi faɗa har kunnena ya yi zafi. Na ce mata mijina da yayansa da matar yayansa ne a filin tare da ni, ko yatsana ba a gani. Ta ce, "Ba sanyi?" Sannan ta ce, "Ki dai zo." Ban ce to ba. Ban taɓa ƙin ce mata to ba sai yau.

Asabar, 23 ga Agusta
Shekara guda na yi a nan unguwar Panyu ina kukan Kano, ina roƙon Lukman ya kai ni gida ko na sati biyu ne. Ban san yaushe na daina ba, kuma ba na son in tsaya tunani.
Mun je fili. Lukman ya yi ta bugo mini da ƙarfi kamar mai jin haushi. Ta ƙarshe na cafke ta da hannun hagu, ya yi murmushi, ya yi maza ya juya baya.
A jirgin ƙasa muna dawowa ya ce, "Ba ki haɗa kaya ba."
Na ce ba zan haɗa ba. Gobe jirgi zai tashi ba ni.