Hawayen da Hanta Ta Tsare

Da izinin Baba, surukina mai girma, da na Gwaggo wadda takardar nan za ta bi ta hannunta. Ni ne shugaban masu guga na gidan wanki, kuma da hannuna na rubuta, domin na kammala ajin manya, ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Zuwa gare ki, ya sanyin randata, inuwata ta tsakar rana, farin watan da ke leƙowa ta tagarmu, uwar 'ya'yana!

Tun rasuwar Inna, mahaifiyarki, ba ki dawo ɗakinki ba, kuma na san dalili. Ranar da aka fita da ita, maƙwabta sun yi kuka, har mai shagon bakin layi ya share ido. Kika dube ni, ni da ta riƙe kamar ɗan cikinta, kika ga idona a bushe ƙamas. Kika ce dutse kika aura. Wallahi ƙirjina ya tsage a ranar, na matsa, na ƙifta, ko ɗigo bai zo ba, har ni kaina na tsorata da kaina.

Yanzu ki saurari ikon Allah! Na je asibiti saboda gwiwoyina da yatsuna, da tabon nan mai duhu da ya feso mini a ƙwauri. Likita ya ɗebi jini, ya ce ciwon hanta ne mai laƙabin C, ya daɗe yana zaune a jikina shiru. Na ce ai ni cikina lafiya lau. Ya ce wannan ciwo ba ya tsayawa a hanta, jini ne ke yawo da rigimarsa. Shi ne a gaɓoɓina. Shi ne gajiyar da kike kira lalaci. Shi ne kumfar fitsari, domin ya taɓa ƙoda. Shi ne bushewar bakin da ke sa ni kora kowace loma da ruwa. Sannan ya saƙala mini siririyar takarda a fatar ido, na rufe, muka jira. Da ya cire, kusan a bushe take.

Subhanallahi! Ashe hawaye ma rijiya gare su a bayan ido? Ashe tsokar da ke kwance ƙarƙashin haƙarƙari, wadda ban taɓa gani ba, tana da hannu a kukan mutum? Shekara da shekaru ina zargin tururin dutsen guga, ina murza ido kamar an watsa mini yashi!

Kin tuna daminar farko ta aurenmu, da rufin kwano ya yi yoyo, muka jera kwanuka, kina dariya har na yi hawaye? Wannan mutumin yana nan, ya kurciyata. Rijiyar ce ta ƙafe, ƙaunar tana ambaliya.

An ɗora ni a kan magani, likita ya ce ana warkewa, ko da yake ido kan yi jinkiri. Ya ce ke da yara ku zo a duba jininku, kuma ina roƙonki kada ki ƙi, ko da fushinki bai huce ba. Ya ba ni hawayen kwalba na ɗigawa. Da na so, da na yayyafa su a takardar nan ki ga alama, amma ban taɓa yi miki ƙarya ba.

Ki dawo, ya raɓar asubata. Ɗakin ya yi mini faɗi, kujerarki tana kallona. Ni naki ne da ido jiƙe ko bushe, har ranar da za a rufe su.

Shaidun abin da na faɗa: likitan, da ma'aikaciyar jinya mai tabarau, da kuma yayanki direba, wanda ya kai ni asibitin. Shi ya karɓi takardar nan ta ido ya juya ta a tafinsa, sannan ya fita baranda ya yi kukan da na kasa yi wa Inna. Ki tambaye shi.

Mijinki har abada.